Sunan da Ban Kira Ba a Ƙofar Jan Gida

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Mai jijjiga yaro ta ci gaba da jijjigarta, mai tsinkar zogale ta ci gaba da tsinka, amma bakin kowa ya huta. Ga ta nan tafe gare ku, sai dai ba tatsuniya ba ce, ƙafata ce ta taka.

Tun da na dawo daga Sifen ba ku bar ni na sha ruwa ba. Wadda ta leƙo gaisuwa, wadda ta bugo tarho, wadda ta aiko 'yarta daga kantin Alhaji na High Point Road, tambayar ɗaya ce: "Hajiya, yaya gidan sarakunan? Wai da gaske ruwa na gudu a cikin ɗaki?" Na gaji da cewa lafiya lau. Shi ya sa na kira maƙwabciyata Rakiya, 'yar Kano, mai aikin asibiti, na ce ta zauna da alƙalami. Ni ban shiga lakwal ba, makarantar boko ke nan, ko inuwar ƙofarta ban taka ba. In kun ji Hausar ta yi santsi, ita ta goge. In kun ji ɗaci, nawa ne.

Ni mutuniyar Tasawa ce, can Nijar, 'ya'yana maza biyu suka rayu. Ƙaramin shi ne Isuhu da kuka sani, mai jan kamiyo, babbar motar nan, daga ɗakunan ajiyar kaya na Wendover. Shi Allah ya ba bizar ƙuri'a ta Amirka, ya zo, ya yi aure, ya ɗauko ni bayan rasuwar mahaifinsu. Babban kuwa ɗan farina ne, kun kuma san yadda muke. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta cewa nata ne. Ana yaye shi uwar mijina ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. In ya shigo tsakar gida ina daka, sai in dubi turmi in ce, "A gaya wa yaron nan akwai fura a ƙwarya." In ta kama dole, in ce, "Kai." Ya haura arba'in sunansa bai taɓa hawa harshena ba, mata kuwa suna yabona, suna cewa wance akwai kunya. A nan ƙasar ina ganin Hadiza matar Isuhu tana ƙwala wa ɗan farinta kira daga bene, tana rungumarsa a bakin motar makaranta, in kau da kai in ce duniya ta lalace.

Shi babban ya riga ƙanensa fita. Ya bi ta Agadas, ya ratsa hamada, ya haye ruwa cikin kwalekwale. Da farko yana bugo tarho gidan wani ɗan kasuwa a Tasawa, yana cewa ya kusa samun takarda, da ya samu zai aiko a ɗauke ni. Ranar da labari ya kai masa cewa ƙanensa ya riga shi, ya kai ni Amirka, daga ranar tarhonsa ya mutu. Shiru, shekara ta bi shekara.

Sai ga wani ɗan garinmu da aka koro daga Sifen ya ce ya gan shi da idonsa. Wai ya bar aikin tumatir a rumfunan leda, yana sayar da maficai a ƙofar wani tsohon gidan sarakunan Musulmi, a garin Garnada. Na sa Isuhu gaba.

Ya ce, "Inna, mutumin da ko gaisuwar Baba bai bugo ya yi mana ba?"

Na tashi na shige ɗakina. Na dai daina taɓa tuwon gidansa, kunu kawai nake sha, har ya sauko. Ita Hadiza ta daɗe tana son bakans, wato hutu, a bakin teku. Ita teku take so, ni ɗa nake nema, aka ɗaure mu da igiya ɗaya.

Na sa aka yanko mini naman sa a wata gona can Summerfield, na yi masa dambun nama, don tun yana ƙarami shi yake sata a ɗakin kakarsa. Ina cikin suya, na'urar nan ta rufin ɗaki mai jin warin hayaƙi ta kama ihu. Hadiza ta hau kujera tana mata fifita da tawul, tana cewa, "Inna, za ki jawo mana 'yan kwana-kwana." Na ce su zo, akwai rabonsu.

Tafiyar ta faɗo bayan rushewar dogayen benayen nan da jirage suka buga, lokacin da mai lulluɓi ba ta wuce filin jirgi salin alin. Wata mata mai safar hannu ta kai ni gefe, ta shafa ni sama da ƙasa, ta tura yatsu cikin ɗankwalina tana lalubar kitsona layi-layi. Na ce da Hadiza ta tambaye ta ko ƙwarƙwata take nema. Hadiza ta ce, "Inna, don Allah." A Madrid kuma kare suka sako. Ya wuce balis ɗin kowa, akwati bayan akwati, ya zo ya zauna a gaban nawa kamar an aiko shi. Jami'in ya buɗe, ya ɗago ledar dambun, ya shinshina, ya jefa cikin wani babban kwandon shara mai murfi.

Na ce, "Gaya masa ba na sayarwa ba ne. Na yaron nan ne."

Isuhu ya ce, "Doka ce, Inna. Nama ba ya shiga."

Garin kunu na gyaɗa kuwa karen bai kula shi ba, shi ya riƙe ni har na dawo.

Masaukinmu otal ne a bakin teku, kusa da garin Malaga. Abu ɗaya zan yaba musu: a banɗakinsu akwai wani ɗan kwano a ƙasa mai famfo, na tsarki. Duk zamana a Amirka da buta nake yawo cikin jaka, sai a can na ga Nasara ya san ruwa. Da rana ta take kuma sukan rufe kantuna su kwanta, kamar Tasawa a bazara. Sauran kuwa sai istigfari. Kowane gidan abinci cinyoyin alade ne rataye a kan mutane suna ɗigar mai, kamar an shanya wanki. Burodi da zaitun da kifi muka yi ta ci. Bakin tekun na leƙa sau ɗaya ta taga, na ga tsofaffi sa'annina kwance da 'yan tsummokaran da ba su isa ɗaure bakin tulu ba, na ja labule, ban sake buɗewa ba.

Kullum da safe in yi wanka, in ɗaura zanen fita, in rungumi jakata in zauna a bakin gado. Kullum Isuhu ya ce ba yau ba. Wai gidan sarakunan ba a shigarsa sai da tikitin da aka yanka da rana da lokaci, kuma bai samu ba sai na jajibirin komawarmu.

Na ce, "Ni ba shiga na zo yi ba. Ƙofa na zo."

Ya ce, "Motar masu yawon ce za ta kai mu, da mai jagora. Ban san hanya ba, ba na jin yarensu. Ki yi haƙuri."

Daga baya na ji cewa motocin haya na zuwa garin kullum, safe da yamma. Ban ce ya sani ba, ban ce bai sani ba. Rakiya, rubuta shi haka.

Ranar ta zo. Doguwar mota ta tsaya a ƙofar otal da sassafe. Mai jagorar wata siririyar mata ce mai jar laima, ba ta buɗe ta, ɗaga ta kawai take a bi ta, shi ya sa na sa mata Mai Laima. Ta manna wa kowa 'yar takarda a ƙirji kamar ragunan da aka shafa wa shuni za a kai kasuwa, ta raba mana wani abin sauraro da ake cusawa a kunne, ita tana magana can gaba, kai kana jinta cikin kanka. Na mayar mata da nawa. Turanci a waje ma bai shige ni ba, balle a tura mini shi cikin kunne.

Kusa da ni wata tsohuwar Ba'amurkiya ta zauna, Misis Karol. Mijinta ya mutu bara, ta ce shi ya yi ta burin ganin wannan gida. Hotonsa na cikin jakarta, ta ciro ta nuna wa taga, tana kiran sunansa tana masa hira kamar yana zaune. Na ce a raina, ji tsohuwa da sunan miji a baki gatsal. Ta tambaye ni 'ya'yana nawa. Na ce da Hadiza, "Ce mata akwai Isuhu." Hanya kuwa duwatsu ne da itatuwan zaitun, jere-jere kamar kitson amarya, har ido ya gaji.

Jan Gida suke ce wa wurin da Larabci, Alhamra, don ganuwarsa jar ƙasa ce irin ta gininmu, a kan tudu. Muna sauka na bar ayari na nufi wasu baƙaƙen fata da suka shimfiɗa tabarau da huluna a kan zane. Isuhu ya biyo ni. Ɗayansu, dogo, ɗan Sanagal mai suna Modu, ya miƙe ya gaishe ni da ladabi. Isuhu ya yi masa Faransanci, ya kwatanta tsagar gidanmu a kumatunsa da yatsa.

Modu ya ce, "Ɗan Nijar mai maficai? Yana zuwa. Sai rana ta karkata yake hawowa, lokacin da zafi ke sa mata saye."

Na ce alhamdulillahi. Na nemi gindin wata itaciya na ce a nan zan zauna har ya zo.

Isuhu ya ce, "Ba zan bar ki ke kaɗai a nan ba, ba yare, ba tarho. Mu shiga. Kafin mu fito ya iso, mu same shi a tsanake."

Hadiza ta ce, "Inna, kin zo tun daga Amirka, ki ce ba ki ga komai ba? Me za ki gaya wa mata?"

To ga shi ina gaya muku.

Da lambun muka fara. Ni da na yi rabin rayuwata ina jan guga a rijiya mai zurfin da igiya ke yanke tafin hannu, na ga ruwa yana tsalle don wasa kawai. Yana fitowa daga ƙasa ya yi baka ya faɗa kwatami, ba mai sha, ba mai wanki. Har madafar hannu ta matakala an fafe ta an saki ruwa a ciki. Lemo ya nuna a bishiya ya faɗo, ba yaron da ya ɗauka. A wata baranda Mai Laima ta tsaya ta nuna wani tsauni can nesa, ta daɗe tana magana, Turawa suna girgiza kai. Hadiza ta fassara mini: wai sarkinsu na ƙarshe, da aka ci shi da yaƙi ya miƙa mabuɗai ya fita, a kan tsaunin nan ya waiwayo ya fashe da kuka, uwarsa kuwa ta dube shi ido cikin ido ta yi masa faɗa a gaban jama'a. Na ce, "Wace irin uwa ce wannan marar ta-ido?" Haka na ce, a wannan baranda, da bakina.

Daga nan aka kai mu layin shiga ɗakunan sarki. A gefen wani fili yake, an ja igiya, rana ta fara karkata. Mai Laima sai nuna agogo take, wanda lokacin tikitinsa ya wuce ya rasa. Gwiwoyina suka mayar da ni ƙarshen ayari. Isuhu da Hadiza suka wuce mai duba tikiti suka shige ciki, abin sauraro a kunnuwansu. Saura mutum kaɗan a gabana sai na waiwaya, ban san dalili ba.

Yana tahowa ta can gefen filin, maficai baje a hannunsa, jaka a baya. Kafaɗarsa ta hagu a sauke, kamar yadda take tun ranar da ya faɗo daga kan rumbu yana yaro. Ya juya zai nuna wa wata mata mafici, na ga tsagarmu a kuncinsa. Abin da ban shirya masa ba shi ne furfura. Kansa ya yi fari fiye da na ubansa ranar da ya rasu.

Nisan da ke tsakaninmu, murya za ta kai, ƙafa irin tawa ba za ta kai ba.

Na ce, "Kai."

Wani Bature mai gajeren wando ya waiwayo ya yi mini murmushi.

Na ɗaga murya na ce, "Kai wannan. Kai."

Filin cike yake da mutane, kowa da yarensa, ga hayaniya. Bai ɗago ba. Me zai ɗago ya nema? Sunan ya taso mini daga ciki, ya hau ƙirji, ya zo maƙogwaro, ya tsaya. Na dubi dama, na dubi hagu. Uwar mijina ta daɗe a kabari, matan Tasawa suna bayan teku da hamada, waɗanda ke kewaye da ni Nasara ne da ko zagi na yi ba su sani ba. Duk da haka na ji kamar dukansu suna layin nan suna jiran su ji bakina. Kunya na ji. Rakiya, kada ki gyara wannan, kunya na ji.

Sai wani ya yi fito. Masu gadi biyu cikin kaki suka ɓullo daga ƙuryar gini. Ya naɗe maficansa da hannu ɗaya, ya juya, ya nufi gangare da sauri. Na sunkuya ƙarƙashin igiyar zan bi shi, mayafina ya sarƙe a ƙarfen da aka ɗaura ta. Kafin in ɓalle shi in ɗago, filin yana nan, mutane suna nan, shi babu.

Mai Laima ta cafki wuyan hannuna tana nuna agogo, ta ja ni ciki. Na bi ta, don Isuhu yana ciki, shi ke da ƙafa. Na same shi ya ɗaga kai yana kallon rufi. Na fizge abin nan daga kunnensa.

"Na gan shi."

"Wa?"

"Yaron nan. Yanzu, a fili."

"Kin kira shi?"

Na kau da kai.

Ya dube ni ya daɗe, ya ce, "Inna." Ya juya zai koma ta inda muka shigo, mai gadi ya tare ƙofa da hannu. Gidan nan ba a fita ta inda aka shiga. Hanya ɗaya ce, sai ka ratsa ɗakunan duka ka ɓulla ta baya.

Haka na ga gidan sarakunan da kuke tambaya, ina neman ƙofar fita. Gaskiya ne, ruwa na gudu a cikin ɗaki, ta wata 'yar hanya da aka sassaƙa a daɓe, na ma taka ta na jiƙa takalmina. Gaskiya ne akwai zakoki na dutse da suka goya tasa, ruwa na zuba daga bakunansu. Rufin kamar saƙar zuma, bangon an yi masa zane ƙanana-ƙanana kamar ƙwaryar amarya, ba inda za ka sa yatsa. Ban iya karatu ba, amma na san siffar sunan Allah, kuma ko'ina na juya shi ne, a bango, a ginshiƙi, a kan ƙofa, an rubuta an sake rubutawa. Waɗanda suka gina wurin ba su ji nauyin faɗin sunan da suke so ba. Kowane ɗaki muka shiga sai wani ɗakin, kowace ƙofa wasu sun toshe ta suna ɗaukar hoto. Isuhu yana ture mutane yana ba su haƙuri, yana jana. Hadiza na biye, tana tafiya tana danna kamara. Da na harare ta sai ta ce, "Inna, ai hanyar ɗaya ce, ko na ɗauka ko ban ɗauka ba." Ba ta yi ƙarya ba. Na dai kasa yafe mata har muka hau jirgi.

Muka ɓulla cikin wani lambun kuma, muka zagaya, muka koma filin. Isuhu ya gangara da gudu har ƙasan tudun, yana ƙwala sunan wansa. Ina jin sunan yana tashi cikin itatuwa, a bakin wani. Ya dawo jiƙe da gumi shi kaɗai.

Modu muka samu a bayan wata katanga, ya ƙulle kayansa ya zauna a kai. Ya ce in masu gadi suka yi kora, ba mai dawowa ranar, wani lokaci har kwanaki. Bai san inda yake kwana ba, ba ya riƙe tarho, ba ya shiga mutane. Sai ya dube ni, ya faɗa wa Isuhu wata magana a hankali. Isuhu ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Me ya ce?"

"Ba komai, Inna."

Na juya wajen Hadiza, ita ma ta yi lakwal a Yamai. Na ce, "Ke gaya mini."

Idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Wai yana mamaki ne. Wai shi ya gaya musu kakarsa ce ta rene shi, ta rasu, ba shi da kowa."

Can wajen mota Mai Laima ta fara ɗaga laimarta tana ƙirga kawuna. Isuhu ya yagi kwali ya rubuta lambar tarhon gidanmu. Ni kuma dambu yana kwandon shara a Madrid, ba ni da abin bayarwa sai tazbahata, na cire na damƙa wa Modu. Ya karɓa da hannu biyu.

Ya ce, "In ya zo, in ce wa ya bar masa?"

Na ce, "Ka ce uwar Isuhu ta zo."

Haka ya fito, sumul, kamar yadda ya saba fita shekara arba'in. Ban ma ji shi ba. Sai da mota ta tashi, muka bar garin, zaitun ya fara wucewa ta taga, sannan maganar ta dawo mini kunne. Mutumin da ya ce ba shi da kowa, na haye teku na aika masa cewa uwar ƙanensa ta zo. Na miƙe tsaye cikin mota na ce a tsaya. Direba bai ji Hausa ba. Isuhu ya riƙe ni ya ce, "Jirginmu da safe ne, Inna. Bizarki ma gobe take ƙarewa." Misis Karol ba ta san abin da ya faru ba. Ta mayar da hoton mijinta jaka, ta kama hannuna, ba ta sake shi ba har otal.

To, ga yadda kowa ya ƙare.

Mai Laima na tabbata tana can tana ɗaga laimarta, wasu ragunan na biye.

Misis Karol ta karɓi adireshinmu wajen Hadiza. Duk ƙarshen shekara tana aiko kati mai hoton dusar ƙanƙara, jikokina su karanta mini, in sa a aika mata da barkono.

Hadiza ta wanko hotunanta. Bango, ruwa, zakoki, bango. Na sa gilashi na bi su ɗaya bayan ɗaya ko gefen rigarsa ya faɗo ciki, babu. Ta sa mafi kyawun a firam ta rataye a falo. Da ta lura na daina zama a falon, ita da kanta ta sauke shi. Mun shirya. Yanzu in tana kiran ɗanta daga bene ba na kau da kai.

Isuhu bai sake yi mini maganar gaisuwar Baba ba. Da shekara ta zagayo ya ɗauki hutu ya koma shi kaɗai, ba teku, ba mai jagora, ya zauna a ƙofar nan har hutunsa ya ƙare. Ya tarar da sabbin fuskoki. Modu an ce ya yi arewa, bai bar saƙo ba. Mai maficai ɗan Nijar kuwa, wani ya ce ya koma tumatir, wani ya ce bai taɓa ganinsa ba.

Sau ɗaya, wata Juma'a muna masallaci, aka bugo gida. Na'urar ɗaukar saƙo ta amsa da muryar jikata, da Turanci. Bayan ta gama ba a yi magana ba. Ana jin motoci, ana jin numfashin mutum, sai aka kashe. Isuhu ya ce masu talla ne. Wataƙila. Amma tun ranar na sa aka cire na'urar, na jawo kujerata kusa da tarho. Shi ya sa ba ku ganina a suna, ba ku ganina a kantin Alhaji. Ba fushi nake da kowa ba.

Ni kuma kullum bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi, nakan tsaya a taga ina kallon motocin High Point Road, ina koya wa harshena abin da ya ƙi koya. Da farko raɗa ce. Yanzu yana fita.

Nan na sauke kayana, wadda ta ɗauki wani abu nata ne. Sai dai roƙo ɗaya. Duk wanda Allah ya kai shi wannan Jan Gida, shi ko ɗansa ko maƙwabcinsa, ya ga ruwan, ya ga zakokin, ba laifi. Amma kafin ya shiga ƙofar da ba a komowa, ya tsaya a filin ya duba. Mutum ne mai furfura, kafaɗar hagu a sauke, da tsaga a kumatu. Kada a ce masa kai. Rakiya, ɗaga alƙalaminki ki saurara, sannan ki rubuta da manyan baƙaƙe.

Sunansa Haruna. A ce masa uwarsa ce ta zo.